Yadda ake haɗa shayin Dancong na ƙasar Sin ba tare da an kashe ƙamshinsa ba

Shayin Sin ba baƙo ba ne a wurinmu. Koren ganyen da ake dafa ataya da shi a Agadez da Damagaram da majalisun Kano daga can yake zuwa, a 'yan kwalayen nan masu lamba 41022 ko 9371. Sai dai hannun da ya saba da ataya ya saba da ɗora ganye a wuta ya yi ta tafasa, a zuba masa sukari, a yi ta ɗaga buta har kumfa ta tashi. In ka yi wa Dancong haka ka yi asarar kuɗinka, don abin da zai fito ruwa ne mai ɗaci da bauri, ƙamshin kuma ya bi tururi ya tafi. Shi wannan shayi ba dafa shi ake yi ba. Ganye ake zubawa da yawa a ƙaramin mazubi, a kwara masa ruwa mai tsananin zafi, a tsiyaye cikin 'yan sakanni, sannan a sake, a kuma sakewa, har sau takwas ko goma a kan ganye ɗaya.

Dancong, wanda masu shi ke furtawa kamar "dantsong", yana cikin dangin shayin da ake kira ulong. Koren shayi da baƙin shayi da ulong duk daga itace iri ɗaya suke, sarrafawa ce ta raba su. Koren ana saka shi a wuta da an tsinko shi don kada iska ta sauya shi. Baƙin ana murje shi a bar shi ya rine gaba ɗaya. Ulong kuwa ana barinsa ya fara rinewa, sai a tare shi da wuta a tsakiyar hanya, kuma a wannan tsakiyar ne ƙamshin furanni da na 'ya'yan itace ke fitowa.

Gidansa tsaunukan Fenghuang ne, a yankin Chao'an na birnin Chaozhou, gabashin lardin Guangdong. Wanda aka fi yabo shi ne na tsaunin Wudong, mai tsayin kusan mita 1,400, inda hazo ke lulluɓe gonaki kuma ake da itatuwan shayi da suka haura shekara 100. Tun da can manoman wurin, in suka ga wata itaciya ta fita daban da ƙamshinta, sai su tsinke ta ita kaɗai, su sarrafa ganyenta ita kaɗai, su yanki reshenta su dasa ko su yi mata aure da wata. Haka aka samu iri-iri, kowanne da sunan ƙamshinsa. Ana tsinkar ganyen da rana in gari ya yi haske, a baza shi a faifan gora ya ɗan yi yaushi, a shigar da shi inuwa ya huce. Daga nan sai aikin dare: ana girgiza ganyen ana juya shi da hannu, a bar shi ya huta, a sake, har gefensa ya ƙuje ya yi ja. Mai aikin da hancinsa yake gane lokacin da ya kamata a tsaya. Da safe a soya shi a zazzafan kasko, a murɗa, a busar, daga baya a tsince karare a gasa shi a hankali, wasu kan gawayi. Ba a yayyafa masa turare, ba a haɗa shi da fure. Duk abin da hancinka zai ji daga ganyen ne da hannun wanda ya kwana a kansa, shi ya sa ɓata shi wajen haɗawa yake da ciwo.

Sayen ganye

Mai zuwa fatauci Guangzhou ya fi kowa sauƙin samu, don kasuwar shayi ta Fangcun tana cikin birnin, kuma tana cikin mafiya girma a ƙasar. Al'adar shagunan shayi a Sin ita ce a zaunar da kai a haɗa maka ka ɗanɗana kafin ka saya. Kada ka ji nauyin hakan, kada kuma ka sayi abin da ba a haɗa a gabanka ba. Ka zauna har zubi na huɗu ko na biyar. Kusan kowane ganye yana da abin nunawa a zubin farko, sai an yi nisa ake gane mai jini a jika. Ganyen da aka fesa wa ƙamshi yakan bugi hanci tun yana busasshe, amma kafin zubi na uku ya zama lami. Na gaskiya a bushe ba ya cika baki, sai ruwan zafi ya taɓa shi.

Ga mai farawa, Mi Lan Xiang nake ba da shawara. Shi ya fi yawa a kasuwa, ya fi araha, ƙamshinsa na zuma ne da nunannen ɗan itace, wani lokaci har da gardin gasasshen dankalin Hausa. Yana kuma da haƙuri da hannun ɗan koyo. Akwai Ya Shi Xiang, wanda sunansa ke nufin ƙamshin kashin agwagwa. Labarin da ake bayarwa shi ne wani manomi ne ya raɗa wa itaciyarsa mummunan suna don kada maƙwabta su riƙa satar rassanta. Ƙamshinsa na fure ne mai ƙarfi, ga ɗan maiƙo-maiƙo a baki, kuma a shekarun nan ya yi farin jini sosai a Sin. Bayan su akwai mai ƙamshin furen citta, da mai kirfa, da mai yasmin, da wasunsu.

Ka dubi ganyen. Ya kasance dogaye, murɗaɗɗu, baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu da ɗan sheƙi, ba gari da karairaya ba. Ka tambayi abu biyu: lokacin tsinka, da ƙarfin gashi. Tsinkar bazara, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, ita ta fi kauri da zurfin ɗanɗano. Akwai ta farkon sanyi da suke kira xue pian, ƙamshinta sama yake tashi amma ruwanta bai kai na bazara jiki ba. Mai gashi kaɗan ya fi ƙamshin fure, sai dai ba ya jure ajiya. Mai gashi sosai ya fi gardi, ya fi sauƙi a ciki, ya fi jure doguwar tafiya da zafin garuruwanmu. In kwanan nan aka gasa shi za ka ji ƙaurin wuta ya danne komai. Ba lalacewa ya yi ba, ka rufe shi ka ba shi wasu makonni.

Kada ka fara da kilo. Giram 50 zai ba ka zama takwas ko fiye, ya isa ka san ko jininku ya haɗu.

Kayan aiki

Babban abin buƙata shi ne gaiwan: ƙaramin kwanon tangaran mai murfi da ɗan faifan zama, mai cin mililita 100 zuwa 120. In kana son ƙiyasi, ruwan leda ɗaya na mililita 500 zai cika shi kusan sau biyar. Tangaran ya fi don ba ya shan ƙamshi, ba ya kuma ƙara nasa, ga shi bakinsa a buɗe, ruwa na fita da sauri. Mutanen Chaozhou suna da 'yan butocinsu na jar ƙasa, kuma suna da kyau, amma butar ƙasa tana riƙe zafi, tana jinkirin tsiyaya, ɗan koyo kuwa saurin tsiyaya ya fi buƙata.

In babu gaiwan, ka sami ƙaramin kofin tangaran da ɗan farantin da zai rufe bakinsa, da mataci mai tsabta. Zai yi aiki. Abin da ba zai yi ba shi ne butar ataya da ta sha sukari da na'ana'a da kanumfari. Ko ka wanke ta sau nawa, Dancong zai fito da ɗanɗanon shayin jiya.

Sai 'yan kofuna masu siririn baki, masu cin mililita 25 zuwa 30, farare daga ciki don ka ga launin shayin. Sai wani ɗan jug ko tambulan da za ka fara tsiyayewa a ciki kafin rabawa. Sai kwano mai ɗan zurfi na zubar da ruwan ɗauraya, da ƙyalle, da butar tafasa ruwa wadda ba a dafa komai a cikinta sai ruwa. Ƙaramin sikelin da ke auna giram, irin na masu sayar da zinariya ko turare, yana rage wahala ƙwarai.

Ruwa

A nan mutane da yawa ke faɗuwa, su ɗora wa ganye laifi. Dancong yana son ruwa mara nauyi, wato mara yawan gishirin ƙasa. In butarka tana yin farin ƙanzo a gindi, ko sabulu ba ya kumfa sosai da ruwan gidanku, to ruwan rijiyar ko burtsatsen nan yana da nauyi. Shayin da aka haɗa da shi yakan yi duhu, wani abu kamar yana ya taso a samansa, ƙamshin ya kwanta. Ruwan famfo mai warin magani a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana. Ruwan randar da aka turara, duk daɗinsa wajen sha, kada ya kusanci wannan shayi, haka ruwan da ya sha hayaƙin itace. Mafita mafi sauƙi ita ce ruwan roba ko na leda wanda ka sha ka ji ba shi da wani ɗanɗano. Ka gwada kala biyu a kan ganye ɗaya, bambancin zai ba ka mamaki.

Gas ko lantarki ko gawayi duk ɗaya ne in dai buta na da murfi. A Chaozhou tsofaffi kan tafasa ruwa a ƙaramar butar ƙasa bisa murhun jar ƙasa, da gawayin ƙwallon wani ɗan itace da suke kira zaitun ɗin Sin. Kurfoti da gawayin da ya riga ya ruru, ba ya hayaƙi, ya wadatar. Muhimmin abu shi ne buta ta zauna kusa da hannunka, ruwan kuma kada ya huce tsakanin zubi da zubi. Wanda ba ya son ya yi ta kunna wuta ya zuba tafasasshen ruwa a fulas mai riƙe zafi, wanda ba a taɓa zuba kunu ko shayi a ciki ba.

Zafin da ake so digiri 95 ne zuwa 100. Ba sai da ma'auni ba: bari ruwa ya tafasa sosai, ka sauke, da ɓulɓular ta lafa ka zuba. Za ka ji wasu na cewa a sauko da zafin zuwa 85 ko 90 don gudun ɗaci. Gaskiya ne ɗacin yana raguwa, amma da shi ƙamshin ke raguwa, sai ka tashi da shayi mai ladabi wanda ba ya cewa komai. Ni dai ra'ayina a bar ruwa da zafinsa, a yaƙi ɗaci da saurin hannu.

Mataki na 1: ɗumama kaya

Cika gaiwan da ruwan zafi, rufe, juye a jug, daga jug zuwa kofuna, sannan ka zubar. Mazubi mai sanyi yana sace zafin zubin farko, kuma a irin wannan ƙaramin ma'auni satar tana da yawa, balle da hunturu.

Mataki na 2: auna ganye

Giram 5 zuwa 6 ga mililita 100. Ba sikeli? Ganyen dogo ne mara nauyi, don haka in ka zuba shi sakwa-sakwa ba dannawa zai kai wajen rabin gaiwan ko ya ɗan wuce. Idonka zai ce ya yi yawa. Bai yi ba. 'Yan Chaozhou ma sukan cika mazubi kusan baki, su sha shi da kaurin da baƙo ba ya iyawa. Kada ka karya ganyen don ya shiga, da ya ji zafi zai yi laushi ya kwanta da kansa. In a ƙasan leda akwai gutsattsari, kada ka juye su duka, don su ne ke saurin sakin bauri. Dabarar mutanen Chaozhou ita ce su zazzage ganyen a farar takarda, su sa dogaye a ƙasa, ƙananan a tsakiya, su rufe da wasu dogayen a sama.

Zuba ganyen a gaiwan mai ɗumi, rufe, girgiza sau biyu a hankali, ɗaga murfi kaɗan ka sunsuna. Wannan ne karo na farko da shayin zai gaya maka ko shi wane ne. In ka ji warin rima ko tsami ko na tsohon kwali, ajiya ta ci shi.

Mataki na 3: ɗauraya

Zuba ruwa har ya rufe ganye. In kumfa ta taso, share ta da gefen murfi. Rufe ka tsiyaye nan take, kada ya wuce sakan 3. Wannan ruwan ba na sha ba ne, a sake ɗauraye kofuna da shi a zubar. Amfaninsa ya wanke ƙura ya kuma farkar da ganyen. Wasu masu ganye mai tsada suna shan wannan ruwan don ba sa son asarar ko ɗigo, ba kuma laifi.

Riƙon gaiwan shi ke ba sabon shiga tsoro, da dalili, don yana ƙona yatsa. Ka karkata murfi kaɗan ya bar siririyar kafa, wadda ruwa zai wuce ganye ba zai wuce ba. Babban yatsa da na tsakiya su riƙe leɓen kwanon daga gefe da gefe, can saman inda ya buɗe, manuniya ta danne kan murfi. Kada yatsa ya taɓa jikin kwanon. Kada kuma ka cika ruwa har baki, ka bar kamar faɗin yatsa, don leɓen ya zauna da sanyi. Ka gwada da ruwan sanyi sau da yawa kafin ka taɓa na zafi. In ya fara ƙona ka a tsakiyar tsiyaya, ajiye shi, kada ka yi jarumtaka ka fasa.

Mataki na 4: zubin farko

Nan ne wurin da ake cin jarrabawa ko a faɗi. Zuba ruwan ta gefen kwano, ya gangara ta bango, kada ka kwara shi tsakiyar ganye. A Chaozhou dunƙulen jiƙaƙƙen ganyen nan suna kiransa matsarmamar shayi, kuma suna gargaɗin kada a fasa ta, don in ruwa ya tarwatsa ganyen ɗaci ke fita. Saboda haka kada ka motsa da cokali, kada ka girgiza, kada ka matse ganye da murfi.

Da ruwa ya kai inda kake so, rufe ka fara tsiyayewa. Daga rufewa zuwa fara tsiyaya sakan 5 ya isa. Ka tuna lokacin da kake zuba ruwa da lokacin da yake fita duk jiƙa ganyen yake yi, don haka ainihin zaman ya fi abin da ka ƙirga. Wanda ya rufe murfi ya juya neman kofi, ko ya tsaya amsa sallama, ya riga ya makara. Komai ya kasance a shirye kafin ka ɗaga buta.

Tsiyaya ƙasa-ƙasa, bakin gaiwan dab da jug. Wannan kishiyar ataya ce: ba a son kumfa, ba a son iska ta kwashe ƙamshi da zafi. Ka tsiyaye tas har ɗigon ƙarshe. Ruwan da ya rage a gindi zai ci gaba da jiƙa ganye, ya ɓata zubi na gaba. Bayan nan ka ɗan zame murfin gefe don tururi ya fita, kada ganyen ya dahu a rufe.

Mataki na 5: rabawa

In kana da jug, shayin ya riga ya gauraya, sai ka raba a kofuna, kada ka cika su. A tsarin Chaozhou na asali ba jug. Kofuna uku ake jerawa manne da juna, ko mutum nawa ne a wurin, sai mai haɗawa ya riƙa zagaya su da tsiyaya ba tsayawa don kowanne ya sami kauri ɗaya. Wannan zagaye suna ce masa Guan Gong na sintirin gari. Ɗigon ƙarshe, wanda ya fi kauri, a raba shi ɗaya-ɗaya a kofunan, shi kuma Han Xin na ƙirga dakaru. Dukansu sunayen shahararrun jarumawan yaƙi ne na tarihin Sin. Manya da baƙi ke fara ɗauka, mai haɗawa yakan haƙura da zagayen farko, a ɗauraye kofuna da ruwan zafi, zagaye na gaba ya kai ga saura. A Guangdong in an zuba maka, ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu godiya ce, ba sai ka katse hira ba. Wannan salon haɗa shayi, gongfu, yana cikin al'adun shayin Sin da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon ɗan Adam a shekarar 2022.

Mataki na 6: sha

Kafin kofi, ɗauki murfin gaiwan ka sunsuna cikinsa. Nan ƙamshin ya fi fitowa fili, kuma yana sauyawa daga zubi zuwa zubi. Sunsuna ka kawar da hanci, kada ka fesa numfashi a murfin da za a mayar kan shayin jama'a.

Dubi launi. Mai gashi kaɗan ruwan zinariya ne mai haske, mai gashi sosai ya fi karkata ga ruwan zuma ko lemo. Ko wanne ne, ya zama garau. In ya yi gurɓi-gurɓi, ko gari ya yi yawa ko aikin ganyen bai yi kyau ba.

Kofin ƙarami ne amma ba a kwankwaɗe shi. Kurɓa uku ake yi. Ka ja shi da 'yar iska, ko da zai yi ƙara, a wajen masu shayi wannan ba rashin ɗa'a ba ne, iskar ce ke watsa shi ko'ina a baki. Riƙe shi kaɗan, haɗiye, rufe baki, ka fitar da numfashi ta hanci. A wannan numfashin ne za ka gane Dancong na kirki: ƙamshin yana tasowa daga maƙogwaro. Shayi mai rauni ƙamshinsa a murfi yake tsayawa, ruwan kuma fanko. Mai kyau ƙamshin yana cikin ruwan kansa.

Sai ka bambance ɗaci da bauri, don ba abu ɗaya ba ne. Ɗaci ɗanɗano ne, harshe ke jinsa. Bauri kuwa kamewa ce, harshe da dasashi su yi kaushi. Dancong yana da ɗan ɗaci a halittarsa, kuma ba aibi ba ne muddin yana wucewa da sauri ya bar zaƙi a baya. Mai cin goro ya san wannan: ka tauna ka ji ɗaci, ka kurɓi ruwa sai baki ya cika da zaƙi. Sinawa suna kiran wannan zaƙi mai dawowa hui gan, kuma da shi suke auna darajar ganye fiye da ƙamshin da ke bugun hanci. Na kan tudu, daga tsofaffin itatuwa, zaƙinsa kan daɗe a maƙogwaro, yawu na tsattsafowa, har da wani ɗanɗano kamar na jiƙaƙƙen dutse. Ɗacin da ya kafe a harshe ya ƙi tafiya, da baurin da ke shaƙe wuya, su ne alamar ko hannu ya yi nawa ko ganyen na ƙasa-ƙasa ne.

In ka shanye, sunsuna gindin kofin bayan ya ɗan huce. Sau da yawa a nan zumar take ɓuya.

Sukari da madara ba su da wuri a nan. Ba don wata doka ba, sai don suna rufe abin da ka biya kuɗi ka ji. In baki ya saba da zaƙi, ajiye dabino a gefe, ka ci bayan zubi na uku ko na huɗu.

Mataki na 7: ci gaba da zubi

Zubi na biyu da na uku kada ka ƙara lokaci. Ganyen ya buɗe, ya fi saurin saki, har ma kana iya rage sakan ɗaya ko biyu. Su ne sukan fi ƙarfin ƙamshi. Daga na huɗu zuwa na shida ka kai sakan 10 zuwa 15. A nan furen ke ja baya, zuma da gardi su fito, kuma ni a nan na fi jin daɗinsa. Daga na bakwai ka riƙa ƙara sakan 10 ko fiye kowane zubi, na ƙarshe-ƙarshe har minti ɗaya ko biyu. Waɗannan lambobi mafari ne kawai. Harshenka ne alƙali: in zubin da ya wuce ya yi kauri, rage, in ya yi salam, ƙara. Ganye matsakaici zai kai zubi 7 ko 8, mai kyau ya wuce 10.

In an tashi sallah ko wani uzuri ya taso, tsiyaye ruwan tas, buɗe murfi, ka tafi. In ka dawo ka yi masa ɗauraya mai sauri da tafasasshen ruwa ka ci gaba. Amma jiƙaƙƙen ganye kada ya kwana a zafin nan namu.

In abin bai yi daɗi ba

Ɗaci da bauri sun yi yawa: kafin ka taɓa komai, rage lokaci. In bai gyaru ba, rage ganye da giram ɗaya. Sai in duka biyun sun gaza ne za ka bar ruwa ya ɗan huce. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Ba ƙamshi, ruwan kamar an wanke kofi: yawanci ruwan ya huce ne, ko ganyen ya yi kaɗan, ko mazubin ya yi girma. Giram 5 a babban mog ba gongfu ba ne. In dole sai babban kofi, a ofis misali, to juya lissafin: giram 2 zuwa 3 a mililita 250, minti 2, ka tace gaba ɗaya. Za ka sami shayi mai daɗi, illa dai duk sauye-sauyen nan na zubi goma sun dunƙule wuri ɗaya.

Jiri, zufa mai sanyi, bugun zuciya ko rawar hannu: ka sha da yawa ne a kan yunwa. Sinawa suna ce wa wannan mayen shayi, kuma Dancong ya yi suna wajen kawo shi. 'Yan kofunan suna ruɗi, mutum ya sha goma sha biyar bai sani ba. Ka dakata, ka ci dabino ko wani abu mai zaƙi, ka sha ruwa. Saboda haka ba shayin buɗe-baki ba ne, sai abinci ya zauna. Mai gyambon ciki, da mai juna biyu, da wanda barci ke yi wa wuya su yi sannu da shi, su kuma guje shi da dare. Mai ƙarancin jini ya ba da tazara tsakaninsa da cin abinci, don shayi yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci.

Bayan zama da ajiya

Kafin ka zubar da ganyen, zazzage shi a murfi ko faranti ka buɗe 'yan kaɗan da yatsa. Na kirki za ka same shi cikakke, mai laushi da kauri, tsakiyarsa kore-kore, gefensa ja. Wannan jan gefen shi ne sawun girgizar daren da aka yi masa. In ya fito baƙi ƙirin, ya ƙi buɗewa, yana karyewa, gashi ya wuce kima, wani lokaci don a ɓoye aibin ganye ne. Wannan dubawa za ta taimake ka a saye na gaba.

Gaiwan da kofuna ruwan zafi ya ishe su, a kife su bushe. Sabulu mai ƙamshi yana barin sawu.

Busasshen ganyen kuwa yana shan duk warin da ke kusa da shi. Kada ya zauna a kicin kusa da daddawa da yaji, kada ya zauna a ɗakin da ake turaren wuta ko a durowar humra. Ka bar shi a ledarsa mai azurfa a ciki, ka matse iska, ka ɗaure bakin, ka sa a gwangwani mai murfi, a wuri mai duhu da sanyi-sanyi. Da hunturu ba matsala. Da damina ne laima ke shiga, don haka in ka sayo da yawa ka kasa shi ƙananan ƙulli, kana buɗe ɗaya sai ya ƙare. Mai gashi sosai ba ya buƙatar firji, kuma inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa firjin cutarwa yake yi, don duk fitarwa raɓa na kwanciya a kan ganye. A rufe da kyau zai shekara lafiya, har yakan ƙara laushi bayan 'yan watanni. Mai gashi kaɗan ka shanye shi cikin wata shida.